Kyanwa Mai Ciwon Sukari Ta Ƙi Abinci: Hakkinta Yana Wuyan Wa?

Mai kiwon kyanwar da ke da ciwon sukari da agogo yake rayuwa. Allura biyu ce a yini, awa 12 tsakani, galibi ɗaya da sassafe, ɗaya bayan magariba. A fito da 'yar kwalbar insulin daga firji, a zuƙi abin da bai kai ɗigon ruwa ba cikin siririn sirinji, a ɗan ɗaga fatar bayan kafaɗa, a soka. Mafi yawan kyanwoyi ko ɗago kai daga kwano ba sa yi, domin ciwon da kansa yunwa yake sa su. Suna ci ba ƙoshi, suna shan ruwa, suna yawan fitsari, kuma duk da haka suna ramewa.

Shi ya sa hankalin mai gida ke tashi ranar da irin wannan kyanwa ta zo bakin kwano, ta sunsuna, ta lashi leɓe, ta juya ta tafi. Wata takan je ta duƙa gaban kwanon ruwa, ta rataya kai a kansa, ba ta sha ba, ba ta kuma tashi ba. Ga shi nan tsaye da sirinji a hannu, gaba kura baya sayaki. In ya yi mata cikakkiyar allura ciki babu komai, sukarin jininta na iya faɗuwa har ta riƙa tangaɗi, ta shiga jijjiga, ta suma. In ya fasa allurar yau, ya fasa ta gobe, jiki zai koma ƙona kitse babu ƙaƙƙautawa, wani sinadari da likitoci ke kira kiton ya taru a jini ya tsamama shi, amai ya biyo baya, ruwan jiki ya ƙafe. 'Yan kwanaki sun isa wannan ya kashe ta.

Akwai haɗari na uku da kyanwa ta fi sauran dabbobin gida faɗawa cikinsa. In mai ƙiba ce ta yi kwanaki ba ta ci ba, kitsen jikinta yakan kwararo zuwa hanta fiye da abin da hantar za ta iya sarrafawa. Hanta ta cushe, cikin kunne da dasashi da farin ido su koma rawaya, shawara ta bayyana, tashin zuciya ya ƙaru, ƙin abincin ya ƙara tsanani. Don haka likitocin dabbobi ba sa cewa a jira a gani. Kyanwa mai sukari da ta yi yini guda cur ba ta ci ba, maganar asibiti ce.

Wannan duk bayanin likita ne, kuma kowane asibitin dabbobi zai maimaita shi. Tambayar da likita ba zai amsa wa kowa ba ita ce wadda ke zuwa bayan ya rubuta lissafi: kwanciya a asibiti, ƙarin ruwa, gwajin jini, wataƙila bututun abinci, sannan allura kullum, mai yiwuwa har iya ranta. Wannan wajibi ne a kan mai dabbar, ko kyautatawa ce da zai iya bari, ko kuwa almubazzaranci ne a duniyar da mutane ke kwana da yunwa? Ko a ƙasashe masu arziki ba kowa ke amsawa da e ba. Wani bincike da Stijn Niessen na Kwalejin Likitan Dabbobi ta Landan da abokan aikinsa suka wallafa a 2017, bayan sun tambayi likitocin dabbobi sama da dubu, ya nuna cewa kusan ɗaya cikin goma na karnuka da kyanwoyin da aka samu da ciwon sukari ana yi musu allurar mutuwa ne tun a lokacin da aka gano ciwon, wani ɗaya cikin goman kuma kafin shekara ta zagayo. Kuɗi na cikin manyan dalilan da likitocin suka ambata.

Kafin a yanke hukunci, yana da kyau a tambayi yadda aka yi kyanwa ta kamu da wannan ciwo tun farko. Halitta ce da ko ɗanɗanon zaƙi ba ta ji: a 2005 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya ta Amurka suka gano cewa ƙwayar gadon da ke sa harshe jin zaƙi a lalace take a dukkan dangin kyanwa, har da zaki da damisa. Abincinta na asali nama ne, ƙanana-ƙananan ɓeraye da ƙadangaru da tsuntsaye, sau da yawa a yini, kowanne sai ta yi kwanto da tsalle kafin ta same shi. Kakarta kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta matso kusa da mutane lokacin da suka fara tara hatsi, ɓera ya biyo hatsin. A tsibirin Saifurus an tono kabari mai shekara kusan 9,500, mutum da kyanwa kwance kusa da juna. Tsohuwar yarjejeniya ce mai sauƙi, kuma har yau ita ke aiki a yawancin ƙauyuka: ke tsare mana rumbu, ki ciyar da kanki, ran da kika ga dama ki haura katanga ki tafi.

Mutum ne ya canza sharuɗɗan. Ya rufe ta a ɗaki, ya yi mata fiɗiya, ya cika mata kwano da busasshen abincin kanti mai yawan sitaci, ya bar shi a gabanta dare da rana. Ta yi ƙiba, ƙiba kuwa na ninka haɗarin ciwon sukari kusan sau huɗu a kyanwa. Muzurun da aka fiɗiye, wanda ya manyanta kuma ba ya motsi, shi ya fi kamuwa. Wata ƙidayar da aka yi a Ingila kan kyanwoyi 193,435, aka wallafa a 2016, ta samu kusan shida cikin kowace dubu da ciwon, kuma yawancinsu irin nau'in nan ne da ke kama manyan mutane masu ƙiba. Ba kowace kyanwa ce laifin mai ita ya jawo mata ba, akwai gado, akwai wasu cututtuka da magunguna da ke haddasa shi. Amma a dunƙule ciwo ne na zaman gida, kuma ba ita ta zaɓi zaman ba.

A nan ne wani sanannen hadisi ke da abin cewa fiye da yadda aka saba ji a wa'azi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu. Yara ma sun san shi. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne laifin nata kashi biyu ne: ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci a ƙasa ba. Wato ƙofa biyu aka bar mata, ta rufe duka. Da ta buɗe ɗaya, da ta tsira. Mutumin da ya gaji da lafiyayyiyar kyanwa mai iya farauta yana da mafita ta biyu, ya buɗe mata ƙofa.

To idan kyanwar ba ta iya tafiya fa? Malaman Malikiyya sun yi wannan tambaya ɗaruruwan shekaru kafin a san insulin. Muhtasar na Shehu Halilu, wanda har gobe ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, ya wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa idan babu makiyaya, in ya ƙi ko ya kasa a sayar da ita. Masu sharhin littafin suka shigar da wata mas'ala mai ban tausayi ƙarƙashin wannan hukunci: kyanwar da ta makance a gidan mutum, ta kasa fita. Suka ce ciyar da ita ya hau kan wanda ta maƙale a gidansa, tunda ba ta da ikon tafiya. In da tana iyawa, da bai wajaba ba, domin yana da damar korar ta. Ba su tambaya ko shi ya saye ta ba, ko yana son ta, ko tana kama masa ɓera. Rashin mafitarta kaɗai ya ɗora masa nauyin.

Kyanwa mai ciwon sukari 'yar'uwar wannan makauniya ce. Idonta biyu garau, amma ba za ta iya tafiya ba. In ciwon ya daɗe, jijiyoyin ƙafafun bayanta kan yi rauni har ta riƙa taka ƙasa da dukan dunduniya maimakon kan yatsu, tsalle ya gagara, balle farauta. Al'adar nan ta cusa mage a buhu a kai ta bayan gari ko bakin kasuwa a zazzage, wadda wasu ke ɗauka sakin dabba ne, a wajen wannan kisa ce, sai dai a hankali, kuma inda mai ita ba zai gani ba.

Izzuddin ɗan Abdussalam, babban malamin Shafi'iyya da ya rasu a Alƙahira a 1262, ya lissafa hakkokin dabbobi a kan mutum cikin littafinsa na ƙa'idojin hukunce-hukunce, kuma na farko a jerin shi ne a ciyar da su irin ciyarwar da ta dace da jinsinsu ko da sun tsufa ko sun yi ciwon da ba a ƙara amfana da su. Malaman da suka rubuta waɗannan hukunce-hukunce harawa da ruwa suke nufi, ba su san allura ba. Fitar da fatawa aikin malamai ne, amma akwai hujjar da ke da wuyar kaucewa. Insulin shi ne ke buɗe wa sukari hanya daga jini zuwa cikin tsoka. Idan babu shi, dabba na iya cika ciki da abinci jikinta yana mutuwa da yunwa, abincin yana fita ta fitsari. Ga wannan kyanwa allurar wani ɓangare ne na ciyarwar kanta. Wanda ya ajiye mata kwano ya hana ta allura alhali yana da hali, da wuya a ce ya ciyar.

Sai dai akwai maganar da maƙwabta za su yi, kuma ba maganar banza ba ce. “Haba Alhaji, mutane na neman na tuwo, kai kana yi wa mage allura?” Alƙaluma suna bayan mai wannan magana. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ke da ciwon a duniya, miliyan 24 a yankin Afirka, fiye da rabin waɗannan ba su ma san suna da shi ba, kuma Najeriya na da kimanin miliyan 3.6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu nau'i na biyu na ciwon da ke buƙatar insulin ba sa samunsa. Kamfanoni uku, Eli Lilly da Novo Nordisk da Sanofi, ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin ɗari na kasuwarsa. Wani abin da ke ƙara wa maganar zafi shi ne Lantus, ɗaya daga cikin insulin ɗin da suka fi yi wa kyanwa aiki, maganin mutane ne, daga kanti ɗaya ake sayo shi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 akwai dattawan da ke rage awon allurarsu don kwalba ta kai ƙarshen wata. Masanin falsafa Peter Singer, wanda ya yi suna wajen kare dabbobi da littafinsa na 1975, shi ne kuma ya wallafa a 1972, kan bala'in Bengal, cewa wanda zai iya ceton ran mutum da kuɗin da yake kashewa kan abin da bai kai haka muhimmanci ba, wajibi ne ya yi. Da wannan ma'auni zalla, kuɗin jinyar kyanwa ɗaya a Landan zai riƙe mutane da dama a Damaturu.

Shari'a ba ta musa fifikon mutum ba. Tsarin ciyarwa a bayyane yake: kai, iyali, dangi, sannan saura. Gidan da uba ke da ciwon sukari, kwalba ɗaya ce a firji, babu wata mas'ala a nan, ta uba ce. Wanda zai hana 'ya'yansa abinci ko kuɗin makaranta don jinyar dabba ya saɓa tsari. Ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara ta kafa ƙa'idar cewa nauyi gwargwadon iko ne, kuma ba a ce kowa ya ci bashi don kyanwa ba.

Amma fifiko daban, sharewa daban. Littattafan fiƙihun da suka sa mutum gaba su ne kuma suka ce matafiyin da ke da ruwa kaɗan, in ya ji tsoron dabbar da ke tare da shi za ta halaka da ƙishirwa, ya shayar da ita ya yi taimama. An ajiye alwala da ruwa saboda ran dabba. Sannan mai fama da rashin insulin a wani gari hakkinsa yana kan al'umma gaba ɗaya, kan hukuma, kan masu zakka, kan kamfanonin da ke sa farashi, kowa da rabonsa. Kyanwar da ke ƙarƙashin gado kuwa mutum ɗaya tak gare ta a duniya. Nauyin da ya keɓanci mutum ba ya faɗuwa don akwai wani babban nauyi da ya haɗa kowa. Kuma a gaskiya ba kasafai kuɗin da aka hana dabba ke isa hannun mara lafiya ba, yakan koma aljihu ne kawai. Mai hali da zuciyarsa ta dame shi kan wannan bambanci yana da hanyar da ta fi barin dabbarsa ta mutu: ya yi jinyarta, ya kuma ɗauki nauyin kwalbar wani bawan Allah.

Akwai ma bashin da ba a cika tunawa da shi ba. A 1889, a Sitirasbog, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa kare fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi, suka ga ya kamu da ciwon sukari, aka gane inda matsalar take. A 1921, a Toronto, Frederick Banting da Charles Best suka yi ta gwaji kan karnuka, da yawansu suka mutu a hannunsu, kafin a yi wa yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko a Janairun 1922. Daga nan har 1982, lokacin da aka amince da insulin ɗin da ake haɗawa a masana'anta, masu ciwon sukari na duniya sun rayu ne da abin da ake tatsowa daga fankiriyas ɗin shanu da aladu. Shekara sittin dabbobi na riƙe da ran mutane. ’Yan ɗigon da ke komawa jikin kyanwa a yau kaɗan ne daga abin da aka karɓa. Wanda kuma ke ƙyamar insulin ɗin da ake kira Caninsulin don daga alade ake samunsa, ya sani dabba ba mukallafa ba ce, kuma ProZinc da Lantus ba daga alade suke ba.

Wata fassarar ta fi maganar maƙwabta haɗari, domin da tausayi take zuwa. Kyanwa ta ƙi ci, ta ɓuya a lungu, sai a ce ta gaji da duniya, ta zaɓi tafiya, a ƙyale ta. Ko a ce kwananta ne ya ƙare. Magana ce mai kwantar da hankalin mai faɗarta, kuma sau da yawa ba gaskiya ba ce. Abin da ke hana kyanwa mai sukari ci galibi tashin zuciya ne ko zafi, kuma yana da suna: kiton a jini, kumburin fankiriyas, ruɓaɓɓen haƙori, ciwon mafitsara, ƙoda da ta fara gazawa, ko sukarin da allura ta saukar fiye da kima. Ɗigon jini daga gefen kunne zai nuna sukarin cikin daƙiƙoƙi. 'Yar takardar gwaji da aka tsoma a fitsari za ta nuna kiton. Akwai maganin hana amai da ake yi wa allura, akwai man buɗe ciki da ake shafawa a cikin kunne, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018. Kyanwar da hantarta ta cushe da kitse, in aka sa mata siririn bututu ta gefen wuya ana ɗura mata abinci na wasu makonni, mafi yawansu suna farfaɗowa. Bututun yana da ban tsoro a ido, amma tana yawo da shi, tana barci da shi, ran da ta koma ci da bakinta a zare. Har ciwon sukarin kansa yakan lafa a kyanwa, abin da ba a cika gani a kare ba. A wani binciken da Kirsten Roomp da Jacquie Rand suka wallafa a 2009 kan kyanwoyi 55 da aka bi su da awo sosai da abinci maras sitaci, kashi 64 cikin ɗari sun daina buƙatar allura.

Tausayi maras sani shi ma yana kisa. Farasitamol da ke kowane gida guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya halaka ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, don haka romon miya ba abin lallashinta ba ne. Ɗura mata abinci da ƙarfi tana cikin tashin zuciya kan sa ta tsani wannan abincin har bayan ta warke. Abin da ya fi shi ne a ɗan ɗumama nama ko kifi maras gishiri don ƙamshi ya tashi, a miƙa mata a yatsa, in ta kau da kai a janye. In tana tangaɗi bayan allura, a shafa mata zuma a dasashi a ruga asibiti. Sababbin magungunan sha, Bexacat da aka amince da shi a Amurka a Disambar 2022 da Senvelgo a 2023, sun raba wasu da allura, amma suna da tarko: kiton na iya taruwa alhali awon sukari yana nuna lafiya lau, shi ya sa takardarsu ke gargaɗin a dakatar da su a nemi likita da zarar kyanwa ta ƙi ci.

Tawakkali kuwa, hadisin da Tirmizi ya ruwaito kan mai raƙumin da aka umarta ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah ya riga ya rufe wannan ƙofa. Akwai kuma bambanci mai zurfi tsakanin ciwon mutum da na dabba. Mutum na iya zaɓar haƙuri, ya san ciwonsa jarrabawa ce da kankarar zunubi, ya ƙi wani magani da saninsa yana neman lada. Kyanwa ba ta san wannan ba, ba ta da zunubin da za a kankare, ba ta san gobe za ta fi yau sauƙi ba. Zafin kawai take ji. Wannan ne ya sa malaman Mu'utazila irin su Alƙali Abduljabbar, wanda ya rasu a 1025, suka dage cewa lallai Allah zai saka wa dabbobi kan wahalar da suka sha ba da laifinsu ba, kuma hadisin Muslim ya ambaci sakayya a ranar hisabi har tsakanin tunkiya mai ƙaho da maras ƙaho. Descartes na Faransa ya ɗauki dabba inji ce a ƙarni na 17, sai a 1789 Jeremy Bentham ya mai da tambayar kan ko dabba na jin zafi. Musulmi bai taɓa buƙatar a gamsar da shi kan wannan ba, Suratul An'am aya ta 38 ta kira dabbobi al'ummomi irin namu. Saboda haka babu wanda ke da ikon yin haƙuri a madadinta. Mai dabbar da ya zauna yana kallo kwana biyar tana amai a ƙarƙashin gado, yana cewa ya sallama wa Allah, da jikin wani yake yin sallamawar.

Ranar da magani ya ƙare fa? Tana zuwa. Tsohuwar kyanwa da ƙodarta ta mutu, ko ciwon daji ya cinye ta, aka gwada abin gwadawa ta ci gaba da ƙin ci, wannan ƙin abincin ya zama wani abu daban. Malamai sun yi saɓani a nan. Halilu ya halatta yanka dabbar da ba a cin namanta idan an fid da tsammanin rayuwarta, don a hutar da ita. Ƙarafi, shi ma Bamalike, wanda ya rasu a 1285, ya karkata ga hani, kuma Shafi'iyya sun haramta. Duka ɓangarorin sun haɗu kan cewa ba a yi wa ɗan Adam haka ko ciwonsa ya kai ina. Wanda ya bi Halilu yana da madogara mai ƙarfi, amma ya lura da sharaɗin, wato fid da tsammani. Wannan hukunci ne na likitan da ya duba ya auna, gajiyar mai jinya ba ta isa hujja ba. Yadda za a yi ma yana da ƙa'ida, wadda hadisi na 17 cikin Arba'una ya kafa, cewa ko kisa sai an kyautata shi. A asibiti allurar barci ce mai ƙarfi ta jijiya, cikin minti ɗaya ko biyu an gama, tana kwance a hannun wanda ta sani. Shinkafar ɓera da fiya-fiya da jefawa a rijiya azaba ce tsagwaronta.

Mas'alar da ta fi wuya ita ce ta mara hali wanda kyanwarsa za ta iya warkewa, kuɗin ne babu. Hukuncin sayar da dabbar da aka kasa ciyarwa yana nuna masa matakin farko: ya nemi wanda zai karɓe ta. Na biyu, ya gaya wa likita gaskiyar aljihunsa ba tare da kunya ba, domin akwai jinya mai sauƙin kuɗi, kamar canza abinci zuwa maras sitaci da amfani da insulin ɗin mutane bisa awon likita. A nan a kula da sirinji: wani insulin awo 40 ne a mililita, wani 100, kuma wanda ya zuƙi mai 100 da sirinjin mai 40 ya ninka maganin sau biyu da rabi. Jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna da asibitocin koyar da likitan dabbobi. In duk waɗannan sun toshe, mai wannan rubutu yana ganin hutar da ita a hannun likita ya fi kusa da rahama a kan barinta ta narke a lungu ko a juji, ko da yake akwai malamin da zai ce tsammani bai yanke ba tukuna, kuma maganarsa abar saurare ce.

Magabata ba su bar irin wannan mutum shi kaɗai ba. Sarkin Masar Baibaras, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da kowa. Edward Lane, Baturen Ingila da ya zauna a birnin a shekarun 1820 da 1830, ya tarar lambun ya daina kawo komai, amma babban alƙali ya ɗauki nauyin, kullum da la'asar ana zuba wa kyanwoyi nama a harabar kotu. Yau a Kano da Kaduna da Abuja matasa na sayen maguna 'yan waje masu dogon gashi da kuɗi masu yawa, suna rufe su a ɗaki, kuma nan da 'yan shekaru wasunsu za su tsufa su yi ƙiba. Mai niyyar saye ya lissafa kuɗin jinya tare da kuɗin sayen tun kafin ya kai ta gida. Masu hali kuma da ke neman inda za su yi sadaka mai gudana, bayan sun sauke hakkin marasa lafiya na mutane, su tuna da asibitocin dabbobin nan, su kafa ɗan asusun da zai biya wa talaka kuɗin gwaji da ƙarin ruwa idan ya zo da dabbarsa a hannu.